Inda Molon Ya Yi Shiru

"Rage shi! Na ce ka rage shi!"

Baba Jalaluddeen ne yake dukan ƙofar shagon ɗansa da sanda. Ƙofar ta kwano ce, amma ko ƙarar dukan ba a ji sosai, don manyan sifikun da ke ciki sun cika layin namu da ganga da fiyano. Ina zaune a bakin keken ɗinkina, shagona manne da nasu, allurai na rawa cikin gwangwani saboda dirin kiɗan.

Kabiru ya leƙo, hedifon rataye a wuyansa. Magidanci ne, da mata da 'ya'ya, amma in ya tsaya gaban tsohon nan sai fuskarsa ta koma ta yaron da aka hana fita wasa.

"Baba, aiki nikai. Gobe za a yi bikin, amarya na jiran waƙarta."

"Aiki? Wanga ne aiki? Injin niƙa ya hi shi daɗin ji. Shi ko ba komi in an kashe shi a kwashi gari."

'Yan kabu-kabun da ke hutawa a gindin darbejiya suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ɗaga murya. "Baba Injiniya, a bar muna abinmu, mu shina yi muna daɗi!"

"Ku kunnuwanku sun daɗe da mutuwa, salansa ta cinye su."

Kabiru ya koma ciki ya ɗan rage. Tsohon na juya baya ya mayar da shi yadda yake, har da ƙari. Baba bai waiwaya ba. Ya bi ta lungun da ke tsakanin shagona da nasu yana jan ƙafa, ya sunkuya a kan janareta, ya murɗe makunnin. Layi ya yi tsit, har muka jiyo kukan injin jirgi can bakin ruwa.

Kabiru ya fito da gudu. "Ban aje aikin ba! Tun safe nika haɗa shi! Wallahi Baba, da wani ne ba kai ba..."

"Da mi? Ƙarasa."

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya yana huci, tsohon kuma ya wuce shi ya shiga zaure, kamar ya wuce turke.

Haka muke da su a layin nan na bayan kasuwar Yelwa, shekara da shekaru. Kabiru ne ɗan fari, shi kaɗai ne kuma Aminatu, matar Baba, ta bari, don ta rasu yana tatata. Baba bai ƙara aure ba, ƙanwarsa ce ta raini yaron. Ban taɓa jin ya ambaci sunan ɗan nasa ba. "Kai," ko "wancan," ko "mai shagon." Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, wadda iyayen yanzu suka fara saki. Shi bai saka ba. Sai dai ta daɗe a bakinsa har ta daina kama da kunya, ta koma kamar gaba.

Ana ce masa Injiniya ne don ya yi aiki a gidan rediyo a Sakkwato, shi ne mai ɗaukar sauti, har ya yi ritaya. Kafin nan, yana saurayi, lokacin da ake gina madatsar Kainji, ya yi wa wani Bature aikin kula da janareta. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa garmaho mai aiki da lantarki da akwatin fayafayai. Kiɗan da ke cikinsu jaz sunansa. 'Yan unguwa suna cewa kiɗan Turawa, shi kuwa ya harare su ya ce baƙaƙen fata ne suka yi shi, a dubi hoton bayan kwalin.

In an kawo wuta bayan la'asar, kuma aka yi sa'a Kabiru ya fita ɗaukar biki, sai in ji sandarsa a jikin bangona.

"Tela! Bar ɗinkin ga ka zo ka wanke kunnenka."

Ni ba mai yawan magana ba ne, ina jin shi ya sa ya zaɓe ni. Ban shiga aji ba sai da furfura ta fito min, ajin yaƙi da jahilci, kuma can ma a baya nake zama ina saurare. A ɗakin Baba ma haka. In zauna a kan buzu, shi ya goge faifai da ƙyallen da ba ya yarda kowa ya taɓa, ya sauke allura a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli.

"Saurara," in ji shi. "Mutum huɗu ne, ɗaki guda. Ka ji mai gangar can baya? Ba da sanda shika bugu ba, da 'yar tsintsiya shika shara. Ka ji na hagu, mai babban gogen da aka tsinka da yatsa? Yanzu jira. Ka ji? Mai ƙahon ne ya ja numfashi kamin shi busa."

Na ji kuwa. Numfashin mutum, daga wata ƙasa, daga wani zamani.

"Suna kallon juna, Tela. In mai ƙaho ya sassauta, kowa shi sassauta. Wanda ya ɗauki sautin ya san aikinai, ya aje makirfo inda ya dace, ya koma ya zauna ya naɗe hannu. Abin da ya yi ƙasa ya bar shi ƙasa, abin da ya yi sama ya bar shi sama. Shi ya sa in ƙahon ya tashi sai ka ji har tsigar jikinka, don ka hito daga shiru."

"To na su Kabiru fa?" Tambayar da na taɓa yi ke nan, sau ɗaya, na kuwa sha bayani.

"Ka ga yadda mata ka danna banda cikin kwali in za a kai Kudu? Babba da ƙarami, a hau da gwiwa a danne, sai kai ya yi daidai da wutsiya. Haka suka yi ma sauti. Ganga yau, murya gobe, fiyano jibi, ba wanda ya ga idon wani, gangar ma ba hannun mutum ne ya buga ta ba. Sa'an nan a matse su dut su yi tsawo guda, don kowa na son nashi shi hi na maƙwabci ƙara cikin waya. Turawan ma haka kiɗan matasansu ya koma, masu jita da ihu. Daga farko har ƙarshe tsaye kake, kunne bai samun wurin zama."

Kabiru ma yana da tasa. Wata rana ya kawo min wando in rage masa ƙafa, ya zauna a bencina yana karkaɗa gwiwa.

"Kawu Audu, tunda kai shika saurare, ka tambaye shi wa ke da ɗaki shiru a garin ga. Mai jirgi inji na ruri bayansa. Mai kabu-kabu na kan titi. Mai banda na tsakiyar kasuwa. In na bar wuri ƙasa-ƙasa sai su dawo min da memori su ce ya lalace. Kiɗan nashi na mai hutu ne. Kuma da ihun da shika zagi ake sayo mai magani."

Na ga gaskiya a maganarsa, na ga gaskiya a ta tsohon. Ban kai wa kowa saƙon kowa ba.

Akwai kaset guda da Baba yake ajiyewa daban, a cikin gwangwanin alewa, a ƙarƙashin gado. Shi ya ɗauka da hannunsa, a tsakar gidan nan, wata shekara da ya zo hutu da na'urar wurin aikinsu. Wani Bagunge ne daga tsibiran cikin ruwa, Maikuɗi mai molo, da ƙaninsa mai ƙwarya, an daɗe da binne su duka. Baba ya ce ya ɗauke su ne yadda masu jaz suke yi, makirfo biyu, zama ɗaya, ba gyara. Ana jin hucin kaset, ana jin kaji, ana jin farcen Maikuɗi a kan tsirkiya.

Na saurare shi sau da yawa kafin in ji abin da ke ciki. A tsakiyar waƙa ta biyu molon yana yin ƙasa, yana ƙasa, har ya tsaya, mai ƙwaryar ma ya ɗauke hannu. Sai huci kawai. A cikin hucin nan, can nesa da makirfo, akwai ƙarar awarwaro, da muryar mace tana raɗa.

"Kabiru, taho nan. Taho, ɗan albarka."

Sai 'yar dariya, sai molo ya dawo.

Ranar da na fara ji na ɗaga kai. Baba yana kallona. Ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya kawar da fuska.

"Rarrahe ya yi ya nufi wayar makirfo," ya ce da bango. "Ta ɗauka ba mai jin ta. Gaban mutane ko da wasa ba ta hwaɗin sunanai."

Ba mu ƙara maganar ba. Babu hoton Aminatu a gidan, ba ta yarda an ɗauka ba. Abin da ya rage nata a duniya ke nan, shi da ɗan.

Damina na ƙarewa ƙafafun Baba suka kumbura, numfashi ya fara yi masa wuya. A kwanakin ne kuma bel ɗin rikodarsa ya tsinke. Ya kwance ta a kan tabarma zai gyara, hannun ya ƙi tsayuwa, ƙananan kusoshi suna zubewa yana lalube. Na ce a ba Kabiru mana, yana da na'urar kaset a shago. Ya dube ni kamar na zage shi.

"In ba kura ajiyar..." Ya tsaya, tari ya sarƙe shi. Da ya lafa sai ya ce, "Kak ka sake hwaɗin haka."

Bayan 'yan kwanaki aka kwantar da shi a asibiti. Yasira, matar Kabiru, ita ke jinyarsa, yarinya mai haƙuri wadda ta gaji da zama tsakanin wuta biyu. Ita ta ji shi cikin zazzaɓi yana cewa molo, molo. Ta gaya wa mijinta. Ni duk ban sani ba, ina can ina fama da ɗinkin 'yan makaranta. Na dai lura shagon Kabiru ya yi kwanaki ƙofa a rufe, janareta na aiki, ba a jin komai, ashe da hedifon yake.

Ranar da aka dawo da Baba gida na shiga gaishe shi da hantsi. Ya rame, sai idanu. Yasira ta jingina shi da filo tana ba shi kunu. Sai ga Kabiru da sallama, da 'yar rediyon memori a hannu, sabuwa, ledarta ma ba a gama ɓarewa ba. Ya durƙusa. Ban taɓa ganin ya shigo ɗakin nan da fara'a ba sai ranar.

"Baba, ga molonka. Ba sai an jira wuta ba, ba bel, ba komi. Nan za ka danna."

Kabiru ya danna. Molon Maikuɗi ya fito tangaran, kusa, da ƙarfi, kamar an wanke shi da sabulu. Babu huci, babu kaji. A ƙarƙashinsa wata ganga ta kwamfuta tana tafiya daram-daram ba ta gajiya.

Baba ya ture cokalin kunun. "Wa ya taɓa min gwangwani?"

"Baba, ka dai ji tukuna. Na cire mai datti dut. Ko kasuwa ka sa shi za a ji."

Tsohon ya koma ya jingina da filo. Ya rufe ido. Na san abin da yake jira, ni ma shi nake jira. Waƙa ta biyu ta shigo. Ta kai inda molon yake yin ƙasa, bai yi ƙasa ba. Ta kai inda yake tsayawa, sai ya tsallake ya faɗa baiti na gaba, ganga na bin sa.

"Maida baya."

Kabiru ya mayar. Muka sake ji.

"Ina wurin da ya tsaya?"

"Na yanke shi. Ba komi wurin, Baba, huci ne da kukan kaji. Irin wuraren ga dut na yanke, su ne ka sa mutum barci."

"Kawo min kaset ɗina."

Kabiru ya dubi matarsa.

"Da kai nike. Kawo min kaset ɗina."

"Ai... ya gama aiki. Na'ura ma ta tauna shi wajen ƙarshe. Kaset in an tura shi buhu nika jehwawa, kowa ya sani. Hammadu mai gonar shinkafa ya zo ya kwashi buhun, tsuntsayen jan-baki sun dame shi gona."

Kowa ya sani kuwa. Tun da aka daina yayin kaset, manoman shinkafa ke bin shagunan tura waƙa suna karɓar tsofaffi. Su fasa, su zare zaren, su ɗaɗɗaura a kan sanduna su zagaye gona. In iska ta kaɗa sai ya riƙa walƙiya yana kuka, tsuntsaye su tsorata.

"Na farkon da ka tura," na ce, "kafin ka gyara. Yana cikin kwamfutar?"

"Na ɗora gyararren bisa shi. Wuri ya cika. Wai mi ne ne? Molon ga shi nan, ko tsirkiya guda ban rage ba!"

Baba ya buɗe ido. Bai dubi ɗansa ba, ni ya duba.

"Tela, gaya mai abin da ya yanke. Ni bakina bai iyawa."

Na gaya masa. Na faɗi awarwaron, na faɗi kalmomin yadda suke, na faɗi dariyar. Yasira ta ajiye kwanon kunu ta toshe baki da gefen mayafi. Kabiru yana durƙushe bai motsa ba, 'yar rediyon na ta kiɗa a gabansa, har sai da Yasira ta miƙa hannu ta kashe.

"Innata," ya ce.

Ya ɗago kai ya dubi mahaifinsa.

"Muryar Innata na cikin gwangwani ƙarƙashin gadonka tun ina rarrahe, ba ka taɓa ce min zo ka ji ba?"

"Na sa maka shi kana yaro. Na sa maka kana saurayi. Kai kac ce huci ya yi yawa, ka tashi ka hita."

"Ka ce min tana ciki? Ka buɗe baki ka ce min?"

"Tela wa ya gaya mai? Zama ya yi ya ji."

Kabiru ya juyo ya dube ni, kallon da har yau in na tuna sai in ji ba daɗi. Sannan ya miƙe tsaye a kan mahaifinsa, abin da bai taɓa yi ba.

"Jarrabawa kaka yi min ke nan. Shekara da shekaru kana jira in ci jarrabawa, ni ban ma san an aza ta ba. Ka ba maƙwabci, ka hana ni. Sunana ma ba ka iya hwaɗi! Ƙofar shago ta hi ni jin muryarka, Baba!"

"Baban Hadiza, don Allah," in ji Yasira ga mijinta, tana kuka. "Dubi halin da shike ciki."

"Kai ka yanke ta," in ji tsohon, a hankali, yana haki. "Da hannunka. Don ba ta yi ihu ba."

Ya juya fuskarsa bango. "Fitar min da abin ga."

Na bi Kabiru har zaure na kama hannunsa na ce ya hau babur yanzu ya tafi gonar Hammadu, ko Allah zai sa ba a fasa ba. Ya fizge hannunsa.

"Ba ni zuwa. Wanda ya ɓoye ta shi je shi nemo ta. Kai ma Kawu ka rabu da ni."

Daga ranar shagon bai ƙara buɗewa ba. Masu biki suka zo suka yi ta bugu suka koma. 'Yan kabu-kabu suka ce layin ya zama kamar maƙabarta, suka koma gindin wata bishiyar. Shirun da Baba ya yi shekaru yana faɗa a kai ya samu, har ana jin tattabarun maƙwabta daga ɗakinsa. Da aka kawo wuta wata la'asar na ce ko in sa masa faifai ɗaya, mai ƙahon nan da yake so. Ya girgiza kai.

"Bar shi, Tela."

Kabiru yana kawo magani ya miƙa wa Yasira daga bakin ƙofa. Yana biyan mai allura, yana ɗebo ruwa, da safe ya tsaya a waje ya ce, "An tashi lahiya?" Daga ciki a ce, "Lahiya." Iyakarta ke nan. Ba wanda ya sauko.

Ranar kasuwa ce, da hantsi, Yasira ta aiko a kira ni. Ana ta wucewa da buhunan albasa a kura, masu jirage na kiran fasinja can ƙasa. Na tarar numfashin ya koma sama-sama. Na zauna na riƙe hannunsa, ya yi sanyi, ya yi nauyi. Kabiru yana tsaye a bakin ƙofa, ya dafa dokin ƙofar, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje.

Baba ya motsa baki. Na kai kunne.

"Wancan na nan?"

"Yana nan, Baba. Ga shi bakin ƙofa. In ce ya matso?"

Na ɗauka bai ji ba, sai leɓensa suka sake motsi.

"Ce mai... allurar garmahon... ba a taɓa ta da yatsa. Kuma faifai tsaye aka aje shi. In ya kwantar da su za su lanƙwashe."

Ban sake faɗa ba, ɗakin shiru ne, kowa ya ji.

"Na ji," in ji Kabiru daga inda yake.

Na fara yi masa kalmar shahada, yana bi da leɓe. Kafin azahar ya cika. A lokacin ne Kabiru ya shigo, ya durƙusa, ya shafe masa ido da hannunsa, ya ja zane ya rufe shi. Bai yi kuka ba. Aka yi masa sutura, aka kai shi bayan la'asar. 'Yan kabu-kabun da yake zagi su ne suka yi ta karɓar makara hannu da hannu.

Washegarin sadakar uku ina buɗe shago sai ga Kabiru a kan babur.

"Kawu Audu, raka ni."

Ban tambayi ina ba. Muka fita gari, muka bar kwalta, muka gangara fadama ta wata 'yar hanya mai laka. Gonar Hammadu tana gab da ruwa. Shinkafa ta fid da kai ta fara sunkuyawa. Tun daga nesa muka hango zaren, layi-layi a kan sanduna, daga wannan kunya zuwa waccan, baƙi da ruwan ƙasa, yana walƙiya a rana har ido ba ya iya tsayawa a kai. Ba na buhu ɗaya ba ne. Hammadu ya bi shaguna da yawa.

Yana kan wani dandamali na kara yana kaɗa gwangwani. Ya sauko ya yi wa Kabiru gaisuwar rashi, da ya ji abin da ya kawo mu sai fuskarsa ta canza.

"Ka ba ni abu ka dawo karɓa? Yanzu da shinkafa ke cikin nono? Ka san abin da jan-baki ka yi ma gona kamin a yi sallar azahar?"

"Guda ɗaya nika nema. Fari ne, an rubuta Maikuɗi da jan biro."

"Ni karatu na zo yi? Da dutse na fasa su, ɓawon na watsa ruwa. Zaren kuma na ƙulla wani da wani, inda ya tsinke in ƙara. Je ka tambaye su wane ne Maikuɗi."

"Zan kawo maka leda mai walƙiya, ko nawa kaka so."

"Kawo ta tukuna. Ku 'yan gari ba ku san wahala ba."

Kabiru ya juya ya fuskanci gonar. Ya tuɓe takalmi, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga. Shi ya fi ni sanin abin da rana da ruwan sama suke yi wa zaren kaset, sana'arsa ce. Ya karyi wani kara, ya kwance ƙulli na farko, ya fara naɗewa a hankali, yana bi da yatsa yana miƙar da inda ya murɗe. Hammadu yana ta masifa a bayansa, yana kiran Allah ya isa, amma bai shiga ya hana shi ba.

Na bi kunya na tsaya kusa da shi. Ya naɗe layi ɗaya ya kama na biyu.

"Kawu."

"Na'am."

"Sake hwaɗa min abin da tac ce."

"Kabiru, taho nan. Taho, ɗan albarka."

"A'a. Yadda tac ce. Muryar. Siririya ce ko mai kauri?"

Ina jin ta a kaina sarai, har awarwaron, amma ba ni da hanyar da zan fito da ita.

"Ƙasa-ƙasa ce," na ce. "Kamar tana dariya tun kafin ta yi dariyar."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da naɗi. A layin da ya kwashe tsuntsaye sun fara sauka, biyu, sannan da yawa, kan shinkafar na lanƙwasawa a ƙarƙashinsu. Hammadu ya koma kan dandamalinsa yana dukan gwangwani yana ihu. Can sai ya gaji ya tsagaita.

Iska ta taso daga ruwa. Zaren da ya rage a kan sanduna ya miƙe, ya fara wani kuka siriri, gona duka. Kabiru ya daina naɗi. Yana tsaye cikin laka har ƙauri, da karan a hannu, ya sunkuyar da kai ya kai kunnensa kusa da zaren da ke gabansa, bai taɓa shi ba.